Fijon Baba a Tafin Hannu

 Na san kun saba in na ɗauki biro to labarin soyayya za ku sha, ko na kishiya da uwar miji. Yau kam ku yi mini uzuri, labarin gwangwani na kawo muku. E, gwangwanin madara da na tumatir ɗin nan da muke jefawa a bola kullum. Kar wata ta taɓe baki ta ce baiwar Allah ta rasa abin rubutawa, ki dai bi ni a sannu, in kin ji ƙarshensa sai ki yanke mini hukunci.

Wata ranar Asabar ce cikin hunturu, na dawo daga barka a Unguwar Sarki a gajiye liƙis. Ina shigowa tsakar gida warin fenti ya daki hancina. Ina dubawa sai ga 'yata ta fari, wadda aka sa wa sunan mahaifiyata shi ya sa nake ce mata Mamana, zaune dirshan a bakin rijiya. Almakashin ɗinkina na hannunta, duk ya dakushe. Babban gwangwanin madarar da nake zuba yajin daddawa ta juye yajin a leda, ta farke shi gida biyu. Ragowar fentin da aka yi wa ƙofar gida ta buɗe shi, ga shi nan shaɓe-shaɓe a farin hijabinta na islamiyya wanda ko wata guda bai yi da ɗinkawa ba. A gabanta kuma ga wata 'yar mota, an yi mata tayoyi da tsohon silifa, fentin jikinta ko bushewa bai yi ba.

Ban tsaya tambaya ba. Na ɗaga ƙafa na taka motar nan da takalmina har sai da na ji ta lotse. Na ce, "Ke namiji ce? Me mace za ta yi da mota? Shekara goma sha ɗaya, sa'o'inki suna koyon tuƙin tuwo ke kina nan kina yankan gwangwani kamar 'yar maƙera!"

Wallahi da ta yi kuka da abin ya zo mini da sauƙi. Ba ta yi ba. Sai ta sunkuya ta tsince tayoyin nan guda huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a aljihun siket ɗinta, ta ce, "Umma ki yi haƙuri," ta shige ɗaki.

Daren nan barci ya ƙaurace mini, domin maganar da ta fito daga bakina ba tawa ba ce. Na san mai ita. Sama da shekara ashirin ke nan da aka faɗa mini ita, kusan kalma da kalma, ina tsugune a lungun gidanmu.

A Hayin Banki aka haife ni, nan kusa da Kawo. Babanmu, Allah ya jiƙansa, direba ne. Motarsa Peugeot 504 ce doguwa mai kujeru layi uku, wadda duk muke kira Fijo. Yana lodi a tashar Kawo, ya bi ta Jaji da Zariya da Kwanar Ɗangora, ya sauke a Unguwa Uku ta Kano, ya sake lodi ya juyo. Da motar nan aka ciyar da mu, da ita aka biya mana kuɗin makaranta, a cikinta aka kai yayyena mata ɗakunan mazajensu. Kullum bayan asuba ni da Yaya ne masu ɗaukar bokiti da tsumma, shi ya wanke sama, ni na wanke tayoyi saboda nan tsawona ya tsaya. Baba yakan ce mini "kwandastata".

Yaran yanzu da yawa ba su san cewa a garin nan namu aka riƙa harhaɗa motar ba. In kin haye kogi kika nufi Kakuri, can kamfanin Peugeot yake, ya fara aiki a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon. Ita 504 a Faransa aka fara fito da ita a 1968, amma bayan Turawan sun daina ƙera ta a can, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006. Akwai lokacin da in kin tsaya a bakin titi, motar gwamnati Fijo, ta Alhaji Fijo, ta haya ma Fijo. Saboda haka duk yaron unguwarmu da ya zauna zai ƙera mota, ba sai an tambaye shi wace iri ba.

Yaya ne ya koya mini. Da kaka in an kawo karan dawa, sai mu fere ɓawon da reza ya zama tsinkaye, mu yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa, mu dinga soka wannan cikin wancan har mota ta tashi. Motar kara ba ta da nauyi, amma kwana biyu ta karye. Daga nan muka koma gwangwani. A cire sama da ƙasa, a tsaga shi, a buge da dutse ya miƙe, a zana da ƙusa, a yanka. Tsohon silifa shi ne taya, wayar keke ita ke riƙe tayoyin, sai a ɗaura dogon kara da sitiyarin waya a bisa, kana tafe kana tuƙi kana yin ƙarar inji da baki. Ba yabon kai ba, tawa ta fi ta mazan unguwar, domin ni kaɗai ce ƙofofin motata suke buɗewa su rufe. Da siririyar waya na yi musu maƙali, kwana uku ina fama.

Ana nan sai Gwaggo, yayar Baba, ta zo mana kwana biyu. Ta fito za ta shiga maƙwabta ta gan ni tsugune cikin yara maza, ga jini a yatsana inda gwangwani ya yanke ni. Ta saki salati, ta kama kunnena har tsakar gida. Ta ce, "Ke namiji ce? Wa zai auri mace da hannu kamar na maƙeri?" Ta fizge motar ta wurga kan kwanon ɗakin girki. Baba ya dawo da dare aka gaya masa, ya yi shiru, don ba ya musu da yayarsa. Motar nan a kan kwano ta zauna. In na hau turmi ina hango ta. Damina ta zo ta wuce a kanta, na ga ta yi ja, na ga ta rube, wata rana iska ta tafi da abin da ya rage. Ban sake taɓa gwangwani ba sai in zan buɗe shi in zuba a miya.

Kada ku ɗauka Gwaggo muguwa ce. Ita ta koya mini dambu da miyar taushe, ita ta kwana uku ba barci lokacin bikina. Abin da aka yi mata ta yi mini, tana ganin gata ne. Ni ma ga shi na yi wa tawa 'yar, har na fi Gwaggo, don ita wurgi ta yi, ni kuwa takawa na yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ashe har mugun gudun ma gado ake yi.

Da safe bayan sun karya na kira ta ɗakina. Ta shigo tana raɓe-raɓe, ta zaci sauran faɗa ne. Na ɗauko lotsattsiyar motar da na tsinto a bayan rijiya na ce, "Mamana, zo ki nuna mini yadda kika lanƙwasa bakin nan bai yanke ki ba." Ta dube ni ta ga da gaske nake. Sai ga hawayen da ba ta yi jiya ba. Na ce mata laifin almakashi da hijabi yana nan, za ta wanke hijabin da hannunta, kuma ba a ɗaukar kayan mutum sai da izini. Amma taka motar da na yi ni ce da laifi, ta yafe mini. 'Yan'uwa, ba wa ɗan da ka haifa haƙuri akwai nauyi a baki, sai dai bai taɓa rage wa uwa daraja ba.

A ranar muka ƙulla shawara za mu ƙera Fijon Baba. Motar an sayar da ita tun da ciwon ido ya hana shi tuƙi, shi ma yau shekara shida ke nan da rasuwa. Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne tak, yana jingine da bonet ranar wata sallah, rabin motar ma bai fito ba.

Maigidana da na gaya masa sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce marubuciya ta koma bakanike. Da ya ga ba wasa nake ba sai ya ce ya yarda, da sharaɗin aikin gida da karatun yarinya ba za su taɓu ba. Shi da kansa ya kai mu tsohuwar Panteka da ke Tudun Wada, kusa da Kaduna Polytechnic. Wadda ba ta taɓa shiga Panteka ba ta yi ƙoƙari ta je ko sau ɗaya. Ƙarar guduma ko'ina, ga masu walda, ga kafintoci, ga masu narka tsohon ƙarfe su zuba tukwane, ga masu mayar da gwangwani ya zama mazurari da murhu da akwati. Abin da muke kira shara a gida, a can jari ne. Wani dattijo mai aikin kwano ya sayar mana da almakashin yankan kwano da 'yar filaya da samfefa. Da ya ji abin da za mu yi sai ya ajiye gudumarsa ya ce wa yarinyar, "Jikata, kar ki fara yanka sai kin auna, kuma ki fara yin ta da kwali. Kwali in ya ɓaci ba a kuka."

Maganar awon nan ita ce ta raba wasanmu na dā da abin da muka koya yanzu. Mu da ido muke yi, shi ya sa za ki ga taya ta fi ƙofa girma. Ashe masu wannan sha'awa a duniya, manya da yara, suna da ƙa'ida: kowane sashe na ƙaramar mota sai ya zama kaso ɗaya daidai na babbar. In an rubuta 1:24, ana nufin duk abin da ya kai santimita 24 a jikin motar gaske, a jikin ƙaramar santimita 1 ne. Akwai 1:18 mai ɗan girma, akwai 1:43, akwai 1:64 'yar mitsitsiya. Mu 1:24 muka zaɓa. Doguwar 504 tsawonta kimanin santimita 480 ne, in kin raba da 24 ya ba ki 20. Faɗinta kuma ya tashi wajen santimita 7. Sauran awon, irin tsayin ƙofa da faɗin taya, wani gareji muka samu a Kawo inda wata tsohuwar Fijo take kwance ba inji, maigidana ya nemi izini, Mamana ta bi ta da tef ɗin ɗinkina tana aunawa tana rubutawa.

Ga wani abin mamaki. Yarinyar nan lissafin rabawa shi ne dodonta a makaranta, in an ba ta aikin gida sai an yi kuka. Amma da yake ƙofar Fijon kakanta ce za ta karkace in ta yi kuskure, sai ga ta tana raba lambobi da 24 a bayan kwalin sabulu, tana sake dubawa ba wanda ya sa ta. Ƙarshen zangon nan malaminsu har tambaya ya yi ko mun ɗaukar mata mai koyarwa a gida.

Cikin 'yan bincike-bincikenmu a waya muka ci karo da labarin da ya sa na ƙara jin kunyar kaina. Ƙananan motocin nan na Matchbox da suka cika duniya, a Ingila aka fara sayar da su a 1953, kuma asalinsu saboda 'ya mace ne. Wani injiniya mai suna Jack Odell, makarantar 'yarsa ba ta yarda yara su zo da abin wasan da ya fi ƙarfin gidan ashana ba, sai ya ƙera mata 'yar motar daɓe titi da za ta shige ciki. Daga nan sunan ya samo asali. A namu gida kuma ga Jelani Aliyu, wanda aka haifa a Kaduna a 1966 ya tashi a Sakkwato. Tun yana yaro zanen motoci ne abin sonsa. Ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ta Amurka, ya yi aiki da General Motors, shi ne ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 shi ya shugabanci hukumar ƙasa mai kula da tsarawa da bunƙasa ƙera motoci. Su kansu manyan kamfanonin, kafin su ƙera mota sai sun fara gina 'yar ƙaramarta da wani irin yumɓu sun dudduba. Na ce oh ni, da an wurga takardun zanensa kan kwano fa?

Ban ce duk yaron da ya yanka gwangwani zai zama Jelani ba, kar ku ce na yi muku alkawari. Ni kaina ban sani ba ko Mamana za ta ɗore ko baɗi ta koma son ɗinki. Abin da na sani shi ne ban da ikon rufe ƙofar da ban san abin da Allah ya ajiye a bayanta ba.

Sati shida muka yi muna aikin, bayan la'asar in an ɗora sanwa, da ranakun da ba makaranta. Sau uku muna yin ta kwali kafin ta zauna. Sannan muka shimfiɗa kwalin a kan gwangwani muka zana muka yanka, kowane baki muka ninke shi da filaya don kar ya yi yanka. Gilasai da farar robar ruwan sha muka yi su, fitilun gaba da bayan kwalin magani mai ƙyalli, kujeru layi uku da soson tsohuwar katifa muka lulluɓe da ƙyalle. Dattijon Panteka ya ce ana liƙa kwano da dalma, amma ni na ƙi shigo da ita gidana. Ban manta abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba. Da ninki da gam mai ƙarfi muka haɗa tamu. Ba mu kuma sa mutum-mutumin direba a ciki ba. Na tambayi malamarmu ta islamiyya, ta ce mota ba mai rai ba ce, ba laifi a ƙera siffarta.

Fenti shi ne ya kusa raba mu da aikin. Karon farko zumuɗi ya sa muka lafta shi da kauri, ya dinga zuba yana taruwa a ƙasan ƙofofi kamar majina, muka kuma bar ta a fili ƙurar hunturu ta sauka a kai. Da safe motar kamar an barbaɗa mata gero. Mamana ta ce mu bar ta haka. Na ce a'a, Baba bai taɓa fita da mota da datti ba. Muka goge shi tas da samfefa muka koma farko. A nan muka gane cewa sai an fara murje rubutun jikin gwangwanin, an wanke maiƙon an shanya, sannan a shafa shimfiɗar farko siririya. In ta bushe a sake murzawa a hankali, a shafa launin sau uku, kowane shafi a ba shi kwana guda, a kife babbar roba a kai saboda ƙura. A tsakar gida ake yi inda iska ke kaɗawa, nesa da risho da murhu, domin fentin mai da abin tsinka shi wuta suke nema. Launin Fijon Baba shuɗi ne mai haske. Muka dinga ɗiga shuɗi cikin fari a marfin kwalba muna gwadawa da hoton, har sai da na ji gabana ya faɗi, na ce tsaya, shi ne wannan. A gilashin baya, da tsinken tsintsiya, na rubuta abin da ke rubuce a tasa: Allah Ya Kiyaye Hanya.

Maƙwabta kuwa sun sha kallo. Wata da ta shigo aron turmi ta same ni da filaya, kafin magariba labari ya zaga layi wai matar gidan nan ta koma wasan yara. Na ce ba komai, da zaman gulma gara wasan yara.

Ranar Juma'a muka naɗe ta a ɗankwali muka tafi Hayin Banki wajen Umma. Mamana ta durƙusa ta ajiye mata a kan tabarma ta ce, "Hajiya ga tsaraba." Umma ta kwance. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Ta ɗaga ta a tafin hannu, ta juya gaba, ta juya baya, ta buɗe ƙofar direba da farcenta ta leƙa ciki kamar mai neman wani. Can sai ta ce, "Kun yi ƙoƙari, amma ba ita ba ce."

Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Umma me muka manta?"

Ta ɗora yatsa a kan ƙofar baya ta hagu ta ce, "Nan akwai lotsawa." Na tuna da lotsawar sarai, na zaci tsufan mota ne shi ya sa ban sa ba. Ta ce daren da naƙudata ta kama ta, Baba ya ruɗe, garin fita da baya ya daki ginshiƙin ƙofar gida. Masu gyaran bodi sun sha ce masa ya kawo a buge masa kyauta, ya ce a bar masa, shaidar zuwan kwandastarsa ce. Shekarata talatin da 'yan kai, ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar, kuma da ba don gwangwanin madara ba da watakila Umma ta tafi da shi.

Aka ɗauko taɓarya ƙarama ta dakan yaji. Ni hannuna rawa yake, na kasa. Mamana ce ta karɓa, ta ce, "Hajiya nuna mini daidai wurin." Ta ɗan ƙwanƙwasa sau ɗaya, fentin da muka yi sati muna lallaɓawa ya tsage kaɗan. Umma ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Yauwa, yanzu ta zama ita." Tana nan a cikin kabad ɗinta tsakanin tangaran, jikoki ba mai taɓawa sai da izini.

To 'yar'uwa, in kin ga ɗanki ko 'yarki sun tara gwangwani a bayan ɗaki, ki ja numfashi kafin ki ɗaga murya. Ki raba musu almakashinsu daban, ki koya musu ninke baki, ki hana su tsatsa, in ta yanke su a tafi asibiti a yi allura. Ki ce sai an gama aikin gida da karatu, wannan haƙƙinki ne. Bayan haka ki tsuguna ki tambaye su me suke ƙerawa. Tuwo kuma Mamana tana koyo, jiya ma ita ta tuƙa na dare, ya ɗan yi gudaji amma mun ci.

Yanzu wai motar ɗaukar marasa lafiya take so mu yi, ta riga ta sa ido a kan gwangwanin da nake zuba kuka. Na ce ta jira ya ƙare.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya jiƙan Gwaggo, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin renonsu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.